Rangwamen da Na Hana Shafi'u

Ku 'ya'yana da jikokina, maganar da ake ta yi a cikin gida tun da aka sa ranar auren Zainabu, 'yar marigayi yayanku Shafi'u, ta iso kunnena. An ce ba za a bar baffanta Kabiru ya yi mata waliyyi ba. An ce ita da bakinta ta ce wanda ya bar ubanta ya mutu a gona ba zai ba da aurenta ba. Ban ga laifin yarinyar ba, da wannan maganar aka yaye ta. Amma kafin a ɗaura auren ina so ku san abin da ya faru a daminar da Shafi'u ya rasu, domin mu biyu muka rage da muka san shi duka, ni da Kabiru, shi kuwa ba zai taɓa buɗe baki ba. Dole in faro daga wani wuri da za ku ga kamar bai shafi zancen ba, wato filin ƙwallon lambu, wasan da masu yinsa ke ce wa golf.

Na bar Birchi da ƙuruciyata na tafi Kaduna neman na kaina, Allah Ya sa abincina ya faɗa a wannan fili. Da dakon jakar sanduna na fara, ina bin manyan mutane a baya. Daga baya aka sa ni gyaran bakin ramuka, inda ake shimfiɗa yashi kwaɓaɓɓe da baƙin mai, ana share shi ya yi sumul don ƙwallo ta gangara daidai. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ramuka goma sha takwas ne a warwatse cikin fili, kowa na bugun ƙwallonsa da sanda har ya jefa ta a kowane rami, wanda bugunsa ya fi ƙaranci shi ya ci. Abin da ya shiga raina ba bugun ba ne, wani tsari ne da suke kira handikaf, ni kuwa rangwame nake ce masa. Filin yana da adadin bugun da ake sa ran gwani zai gama da shi. In kai ka saba wuce wannan adadi da bugu ashirin, to rangwamenka ashirin, za a cire maka su daga abin da ka buga kafin a gwada ka da kowa. Gwani kuwa ba a cire masa komai, ko a cire masa kaɗan. Da haka tsohon alƙali mai ciwon gwiwa zai kara da matashin soja, babu wanda ya san mai ci sai an zo ramin ƙarshe. Ni da na taso a inda mai ƙarfi ke tafiya ya bar mai rauni a baya, da na ga wannan sai na ce ban taɓa ganin adalci irinsa ba.

Rangwamen ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sabon ɗan wasa zai buga 'yan zagaye tare da wani da zai shaide shi, a dubi abin da ya yi a yanka masa nasa. Daga nan duk ranar gasar da ya buga fiye da yadda aka auna shi, a ranar za a rage masa, ba a kwana. Ranar da wasa ya ƙi shi kuwa, abin da ake ƙara masa ɗan mitsitsi ne, kashi ɗaya cikin goma na bugu guda. Raguwa da gudu, ƙaruwa da rarrafe. Wani da muka yi aiki tare ya gaya mani yanzu an sake tsarin, ana duba wasanni ashirin na baya-bayan nan, a tsamo takwas da suka fi kyau a haɗa a raba gida takwas. Ko da wanne aka bi, ma'anar ɗaya ce: da ranakunka masu kyau ake auna ka, ba da munanan ba. Saboda haka akwai masu cuta. Akwai wani ɗan kwangila da na daɗe ina ɗaukar wa jaka, in babbar gasa ta kusa sai ya yi ta zubar da wasa da gangan don rangwamensa ya kumbura. Zai tsaya dab da rami ya kauce masa, ya dafa kafaɗa yana yamutsa fuska.

"Malam Isiya, hannun nan ya gama yawo," in ji shi, sai ya kashe mani ido.

Ranar gasa kuwa hannu ya warke, ya ɗauke kofi ya tafi. Irinsa na gani da yawa. Har idona ya saba, in na ga mutum yana nuna gazawa, abin da ke fara zo mani shi ne me yake nema.

Da mahaifina ya rasu na tattaro na dawo gida don in riƙe gona. Lokacin Shafi'u ya zama cikakken saurayi, dogo, mai faɗin ƙirji, in ya sunkuya da fartanya sai ka ji tausayin ciyawa. Kabiru kuwa kun san ƙafarsa, shan inna ya taɓa ta tun yana ƙarami. Na tarar ya daina zuwa gona sam, don kullum shi ne a baya, yara na yi masa waƙa. Sai na ce ga inda abin da na koyo zai yi amfani. Ranar da za a fara noman gero na tsayar da su a bakin gona na raba musu kunyoyi, na ba Shafi'u kusan ninki biyu na Kabiru, na ce wanda ya riga gamawa shi ne sarkin noman ranar. Ba zan yi muku ƙarya ba, shekarar farko abin ya yi daɗi. Ranar da Kabiru ya fara riga yayansa, jefar da fartanya ya yi yana tsalle da ƙafa ɗaya, Shafi'u na kwance tsakanin kunyoyi yana dariya har da hawaye. Yaron da ba ya fita ya koma shi ke tada mu da asuba. Ni kuma na riƙe tsarin yadda na gan shi. Duk ranar da Shafi'u ya riga, washegari in ƙara masa kunya. Ranar da aka riga shi, ba na rage masa sai abin ya maimaitu sau da yawa.

"Baba, ni ladan ƙoƙarina ƙarin aiki ne ke nan?" ya tambaye ni wata rana yana murmushi.

"Haka ake wa gwani," na ce masa.

Ya ji daɗin kalmar. Na ga ya ji daɗinta, na kuwa yi ta amfani da ita.

Shekarar da nake son ba ku labari, Shafi'u ya yi aure, matarsa Hauwa na goyon Zainabu. Da bazara ya kwanta zazzaɓi mai tsanani, ya sha magani ya tashi, muka ce Alhamdu lillahi. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, aka shiga noman fari, sai na ga ba shi ba ne. Ya yi kunya biyu ya tsaya ya jingina da ƙotar fartanya yana haki. Da safe fuskarsa a kumbure, takalminsa ya daina shigarsa. Kabiru na gama nasa tun rana ba ta yi zafi ba, shi kuwa har azahar bai kai rabi ba. Da a haka abin ya tsaya, wataƙila da na gane. Amma a lokacin ina zuwa Dutsin-Ma duk ranar kasuwa, ina taya wani aminina awon hatsi, in fita da sassafe sai la'asar. In na dawo nakan biya ta gona. Abin da nake tararwa shi ne kason Shafi'u an nome shi tas, babu ko tsinken ciyawa. Ranar da nake nan ya kasa, ranar da ba na nan ya gama. Sai ɗan kwangilan nan ya faɗo mani a rai, da dafa kafaɗarsa da kashe idonsa. Na ce wato yaron nan ya yi aure ya fara jin daɗin ɗaki, yana nuna mani kasawa don in rage masa. Na ce ranakun kasuwa su ne gaskiyarsa, da su zan auna shi.

Innarku, Allah Ya jiƙanta, ta gani. Amma Shafi'u ɗan fari ne, tana yi masa kara, ba ta kama sunansa, ba ta yarda a ga tana nuna damuwa a kansa. Sai da abin ya ci ta sannan ta yi magana, ita ma a kaikaice, tana tankaɗe ba ta dube ni ba.

"Malam, wanga yaro hura kawai yake sha. Tuwo ya dawo mani jiya da shekaranjiya."

"Sabon aure ne," na ce. "Can ɗakinsa ake ba shi mai daɗi."

"Ka dubi ƙafafunsa dai."

"Na dubi gonarsa ranar kasuwa. Mai ciwo bai yin wannan aikin."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Hauwa ma ta zo ta durƙusa a bakin zaure da goyo a bayanta, ta ce mani mijinta ba ya iya barci a kwance, sai ya jingina da bango. Na ce ta tashi ta koma ciki, maganar gona ba ta mata ba ce. Shi kansa sau ɗaya ya roƙe ni. Muna cikin maimai, wato noma na biyu, ya bari sai da Kabiru ya yi nisa sannan ya matso.

"Baba, da za a ɗan rage mani, ko zuwa ƙarshen watan ga. Jikina bai yi mani daidai."

"Ranar kasuwa wa ke ba ka aron jiki?"

Ya waiwaya ya dubi ƙanensa can ƙarshen gona.

"Na san irin wannan wasan tun ba a haife ka ba," na ce masa. "Na ga manyan da suka fi ka iya shi. Ba a rage wa mutum don ya ce a rage."

"To, Baba," in ji shi. Ya koma ya sunkuya.

Ba a yi mako biyu ba ya faɗi. Ina wurin. Da hantsi ne, ina zaune gindin gawo ina gyara ƙota, na ga ya durƙusa kamar mai neman wani abu a ƙasa, sai ya kife. Ku gafarce ni, ko a lokacin sai da na ɗan dakata, ina jiran in ga ko zai ɗago ya dubi inda nake. Kabiru ne ya riga ni isa, da ƙafar tasa. Muka samo mota muka kai shi asibiti a Dutsin-Ma. Likitan ya danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya ce ƙoda ce, kuma ba yau ta fara ba. Ya tambaya wa ya bar shi yana noma a haka. Kwanakin da Shafi'u ya yi a gadon asibiti ba su da yawa, kuma bai ce mani komai ba sai sannu, in na ce masa sannu.

Ana zaman makoki sai ga Malam Umaru, Bafillacen da ke kiwo a gefen gonarmu. Ya yi gaisuwa ya zauna kusa da ni, ya rage murya, a zatonsa sanyaya mani zuciya yake.

"Malam Isiya, Allah Ya ba ka 'ya'ya. Wanga mai ƙafa, ban taɓa ganin irinsa ba. Duk ran da ka tafi kasuwa, sai ya shimfiɗa ma yayansa buhu a inuwa ya ce ya kwanta. Ya nome nashi, ya juyo ya nome na yayan. Har la'asar shina ja da ƙafa. Na taɓa ba shi nono, don gajiya ya kasa riƙe ƙwaryar."

Ban san me na ce masa ba. Na dai san na tashi na zaga bayan gida na daɗe a tsaye. Ranakun da na auna Shafi'u da su, babu ko ɗaya da yake tasa. A filin da na yi aiki ba a karɓar sakamakon mutum sai da shaidar wanda ya bi shi ya ga kowane bugu da idonsa. Ni ban nemi shaida ba, na ga gona a nome na yanke hukunci. Kuma a can ba mutum ɗaya ke riƙe da ma'auni ba. Akwai 'yan kwamiti da ke zama duk shekara su dubi kowa, in mutum ya tsufa ko ya taso daga jinya su ƙara masa rangwame ba tare da sun jira lissafi ya rarrafo ba. Da idona na ga an yi wa wani tsohon malamin makaranta haka bayan an yi masa aiki a ciki. Na san wannan sarai. Na ɗauko rabin da ke kama macuci na zo da shi gida, na baro rabin da ke jin ƙan mai ciwo. Mutum uku suka zo mani da magana, uwarsa da matarsa da shi kansa, na mayar da su duka.

Abin da ya biyo baya shi ya fi shafar maganar yau. Garin nan kowa ya san yadda nake raba kunyoyi, kowa ya ga kason Kabiru ƙarami ne. Ba a yi sadakar bakwai ba aka fara cewa gurgu ya zauna a inuwa ya bar wa ɗan'uwansa gona har ta kashe shi. Aka sa masa suna Ɗan Rangwame. Hauwa ba ta zuwa gona, Shafi'u kuma bai gaya mata ba don kada maganar ta iso gare ni, saboda haka abin da ta ji a gari shi ta ɗauka, da shi ta koma gidansu, da shi ta reni 'yarta. Malam Umaru ya tashi da shanunsa da kaka, bai sake dawowa ba. Ni kaɗai nake da abin da zan kashe maganar da shi, a zaune ɗaya, a ƙofar masallaci. Amma in na ce Kabiru ne ke nome kason yayansa, tambayar da za ta biyo ita ce don me ya ɓoye, amsarta kuwa ni ne. Na ce bari a gama makoki. Na ce bari a yi girbi. Da girbi ya wuce Kabiru ya ɗaure kayansa ya koma Karofi wurin wani mai gyaran babura, can ya koyi sana'a, can ya yi aure, ba ya zuwa sai da salla, ya gaishe ni daga bakin zaure ya juya. Ku ƙanana kun taso kun tarar ana yi masa wani kallo, kuka ɗauka, ina gani. Innarku ta rasu ba ta sani ba. Wannan ma yana kaina.

Watan jiya na sa aka ɗauke ni a babur zuwa Karofi. Na same shi a rumfarsa zaune a kan taya, ya miƙe ƙafar a gefe, yana kwance inji, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya tashi da ƙyar ya goge mani benci. Na gaya masa abin da Zainabu ta ce, na gaya masa abin da Malam Umaru ya faɗa mani ranar makoki. Ashe bai san na sani ba. Ya daɗe yana juya sifana a hannunsa.

"Tun ran nan ka sani, Baba?"

"Tun ran nan."

Na jira ya yi faɗa. Wallahi da ya yi da na samu sauƙi. Sai ya ce:

"Ka bar su da maganarsu. Ba su yi ƙarya da yawa ba."

"Kamar yaya?"

"Yaya ya ce in bari. Ya ce Kabiru, in Baba ya ga an nome, ba zai yarda ba ni da lafiya ba. Ni na ƙi ji. Na ce ba ni iya kallonsa shina haki. Da na bar gonar ta yi ciyawa, da ka gane da wuri, da an kai shi asibiti tun da sauran dama. Da hannuna na rufe maka ido. Kullum in na kwanta sai na lissafa wannan."

Kun ji abin da ya hana shi kare kansa duk shekarun nan. Yaro mai ƙafa ɗaya ya nome gona biyu don yayansa ya samu ya kwanta, ya kuma ɗauka shi ya yi kisa. Na ce masa ɗan da ke tsoron gaya wa ubansa cewa ɗan'uwansa ba shi da lafiya, ba shi ya rufe idon uban ba, a rufe ya same shi. Na faɗa na sake faɗa. Ya ce to, Baba, kamar yadda yayansa ya ce mani a gona, na kuwa san irin wannan to ɗin, ba yarda ba ce. Na ce masa zan rubuta komai a karanta wa kowa, kuma shi zai ba da auren Zainabu, ni ba zan zauna a wannan gurbin ba ko an ba ni. Ya girgiza kai.

"In ita ta zo da ƙafarta ta ce in yi, zan yi. In don ka ce ne, Baba, a nemi wani. Ka daina yanka mani kaso."

Saboda haka ban umarci kowa ba. Zainabu, ke nake wa magana yanzu. Kin ji wanda ya hana ubanki hutu, kin ji wanda ya shimfiɗa masa buhu a inuwa. In kina neman inda za ki ajiye fushinki, ina nan zaure, babu inda nake zuwa. Rumfar baffanki tana bakin hanya in an shiga Karofi, duk wanda kika tambaya mai gyaran babur mai ɗingishi zai nuna miki. Ba zai aiko ba, ba kuma zai zo ba. Na san shi, zai zauna a kan tayar nan har ranar ɗaurin aure ta wuce, yana ganin daidai aka yi masa.